Ku Tambayi Malama: Ina Son Karanta Zane A Jami'a, Amma Ban Taɓa Shiga Ajin Zane Ba

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malama, da fatan kina lafiya. Ni yarinya ce 'yar shekara 19 daga Funtuwa. Na gama sakandare bara, na samu kiredit a Ingilishi, Lissafi, Hausa, Gwamnati, Addinin Musulunci da Adabi. Makarantarmu ba ta da malamin zane, don haka ban rubuta shi a WAEC ba. Amma tun ina ƙarama nake zane a bayan littattafaina, yanzu kuma ina yi wa amare lalle, ina kuma kwaikwayon fuskokin mutane daga hotunan waya da fensir har a ce sun yi kama. Burina in karanta zane a Zariya. Wani yayana da ke jami'a ya ce dariya kawai za a yi mini, wai waɗanda ake ɗauka tun daga firamare aka koya musu. Malama, zai yiwu kuwa, ko in haƙura in cike wani kwas?
Daga 'yarki a Funtuwa.

AMSA: Wa alaikumus salam 'yata, Allah Ya yi miki albarka. Zai yiwu, kada ki haƙura. Sai dai matsala biyu kika haɗa a wasiƙa ɗaya, ta takarda da ta hannu. Ta takardar ce ta fi tayar miki da hankali, alhali ita ce mai sauƙi, don haka bari in fara sallamar ta.

Abin da jami'a ke nema a ƙa'ida shi ne kiredit biyar har da Ingilishi, a zama ɗaya ko biyu, sannan jarrabawar JAMB mai darasi huɗu, Ingilishi da wasu uku. A kundin JAMB za ki ga kwas ɗin da sunan Fine Arts, wasu wuraren kuma Fine and Applied Arts. Jami'o'i sun bambanta: akwai masu dagewa sai ɗalibi ya zo da kiredit a darasin zane, akwai masu sassautawa. Sharuɗɗan kuma sukan canza, saboda haka kundin wannan shekarar za ki karanta, kada ki dogara da abin da wani ya tuna na lokacinsa. Ke kuma Allah Ya rage miki wahala, domin motar Funtuwa zuwa Zariya ta gaban ƙofar Jami'ar Ahmadu Bello take wucewa a Samaru. Ki roƙi yayan nan naki ko wani babba ya raka ki, ki sauka, ki tambayi Tsangayar Tsara Muhalli, a nuna miki sashen zane. Ki gaishe da wanda kika tarar a ofis, ki nuna masa sakamakonki, ki tambaye shi baki da baki. Ki zaga lambun sassaƙe-sassaƙen da ɗalibai suka bari, ki leƙa ɗakunan aiki ki ga yara sa'o'inki suna fama da gawayi. Gani ya kori ji.

In aka ce dole sai da darasin zane, sai ki yi rajistar jarrabawar WAEC ko NECO ta masu zaman kansu, wadda aka fi sani da GCE, ki sa darasin Visual Art a ciki. Akwai takardar rubutu, akwai ta zane a zaune. Wata shida na aikin da zan bayyana miki a ƙasa zai kai ki. Akwai kuma hanya ta biyu: ki shiga kwalejin ilimi mai sashen zane ki yi NCE shekara uku, ko kwalejin fasaha ki yi difloma shekara biyu, daga nan ki shiga jami'a kai tsaye a aji biyu. Iyaye da yawa na ganin wannan kamar koma baya ne. Ni da na koyar a kwalejin ilimi ban taɓa ganin sa haka ba. Ɗalibin da ya yi shekaru yana tsaye gaban allon zane kafin ya shiga jami'a yakan zo da hannu a faɗe, kuma yana da takardar da zai iya koyarwa da ita ko da karatun ya tsaya saboda rashin kuɗi ko aure. Kwalejojin fasaha na Yaba da Auchi ma da zane suka yi suna.

Kada rashin malami ya sa ki raina kanki. Aina Onabolu, wanda ake ɗauka uban zanen zamani a Nijeriya, an haife shi a Ijebu-Ode a 1882, kuma da kansa ya koya wa kansa ta hanyar kwaikwayon hotunan littattafai da mujallu. Sai a 1920, yana dab da shekara arba'in, ya tafi Ingila neman takardar shaida, ya dawo a 1922 ya shiga koyar da zane a makarantun Legas. Ladi Kwali da ke bayan takardar naira ashirin, wurin gwaggonta ta koyi ginin tukwane a ƙauye. A 1954 ta shiga cibiyar tukwane ta wani Bature maginin tukwane, Michael Cardew, a tsohuwar Abuja, wato Suleja ta yau, kuma a 1977 jami'ar nan da kike mafarki ta ba ta digirin girmamawa.

To, yanzu maganar hannu, wadda ita ce ta fi damuna.

Lallen nan da kike ambata a kunyace, horo ne na gaske. Mai zana lalle ba ta da damar gogewa, layi ɗaya take ja ya zauna. Tana aiki a kan abin da ba shimfiɗaɗɗe ba, bayan hannu da idon sawu da yatsu. Tana daidaita hannun dama da na hagu da ido kawai, ta san inda za ta cika da inda za ta bar fata ta sha iska, ga amarya na motsi, ga ƙawaye na azalzala. Na koyar da yara maza da suka shekara suna fama kafin hannunsu ya daina rawa a layi mai lanƙwasa, abin da ke kin riga kin wuce. Kuma sashen da kike son shiga yana da tarihi da irin wannan. A 1955 aka maido da koyar da zane daga Ibadan zuwa Zariya, tun ana kiran makarantar Kwalejin Fasaha da Kimiyya ta Nijeriya, kafin a kafa jami'a a 1962. A 1958 wasu ɗalibai, cikinsu har da Uche Okeke, Demas Nwoko, Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, suka kafa ƙungiya suka ce ba su yarda a koya musu zanen Turawa zalla ba, sai an haɗa da na gida. Shi Okeke abin da ya koma ya ɗauko shi ne uli, zanen da matan Ibo ke yi a jiki da bangon ɗaki, wato ɗan'uwan lallenmu, kuma bayan yaƙin basasa ya gina koyarwarsa a Jami'ar Nsukka a kansa. Don haka ki ɗauki hoton kowane lalle da kika zana, ki adana.

Kwaikwayon hoton waya kuwa, a nan zan ɗan ɓata miki rai, amma gara ki ji daga bakina. Yana da amfani: ya koya miki haƙuri da sarrafa fensir daga baƙi zuwa fari. Sai dai kyamara ta riga ta yi miki aikin da ya fi wuya. Ita ta ɗauki abu mai tudu da kwari ta shimfiɗe shi, ta yanke inda zai fara da inda zai ƙare, ta tsayar da haske wuri ɗaya. Kamar tela ne da kullum ake yanka masa yadi shi dai ya bi da keke. Ɗinkinsa zai yi kyau, amma ranar da aka miƙa masa tef da almakashi sai ido ya raina fata. A jami'a ba hoto za a ba ki ba. Za a jera buta da kwalba da ƙyalle a kan tebur, ko a zaunar da mutum a kujera, a ce ki zana. Na sha ganin yaran da ake yabo a Facebook saboda fuskokin 'yan fim da suka zana sun tsaya cirko-cirko a gaban buta, har wata ta fashe da kuka. Ba na so hakan ta same ki.

Ga abin da za ki fara yi daga gobe. Ki ɗauko butar alwala, ki ajiye ta kan tabarma kusa da ƙofa inda haske ke shigowa ta gefe ɗaya, da safe ko bayan la'asar. Ki zauna kamar taku uku daga gare ta, kuma kada ki sake wuri har ki gama. Kafin fensir ya taɓa takarda, ki miƙe hannunki sosai, ki rufe ido ɗaya, ki sa bakin fensir daidai da saman butar, ki zame babban yatsa zuwa daidai gindinta. Wannan shi ne tsawonta. Ki juya fensir a kwance ki ga faɗin cikinta sau nawa zai shiga tsawon. Sai ki sa ɗigo huɗu a takarda: sama, ƙasa, dama, hagu. Yanzu ki dubi bakin butar. Kwakwalwarki za ta ce miki da'ira ce, domin ta san da'ira ce. Idonki kuwa, in kin saurare shi, zai nuna miki siffa ce a matse kamar ƙwallon dabino, kuma in kin ɗan sunkuya za ta ƙara matsewa. Abin da ido ya gani za ki zana. Daga nan ki bar butar, ki dubi sararin da ke tsakanin mariƙinta da cikinta, ki zana siffar wannan sararin. In ya fita daidai, mariƙin ya fita da kansa. Sai a ƙarshe za ki zo kan inuwa. Ki runtse ido kaɗan, za ki ga butar ta rabu gida uku: inda haske ya buga, inda ya fara janyewa, da inda ya yi duhu. Ki lura da gefen duhun can ƙarshe, akwai wani ɗan haske mai rauni da tabarma ta mayar mata. Wanda ya fara ganin wannan hasken da kansa ya shiga hanya. Kuma kada ki manta da inuwar da ta kwanta a ƙasa, ita ke zaunar da buta, in babu ita sai ta yi kamar tana shawagi.

Ki yi haka da tulu, da ƙwarya, da ƙwai uku a faranti, da takalmin mahaifinki, da mayafi a rataye a ƙusa. Ki zana hannunki na hagu yana riƙe da carbi. Ki tsaya a bakin lungunku ki ga yadda katangu biyu ke matsowa juna in sun yi nisa, yadda turakun lantarki ke gajarta ɗaya bayan ɗaya, ki zana. Sannan ki riƙe ƙaramin littafi a jaka don zanen gaggawa: akuya tana tuƙa, ƙaninki yana barci, mai tallar gyaɗa, mata suna daka. Minti ɗaya ko biyu kowanne, ba gogewa, ba gyara. Za su yi muni da farko, kuma a nan ne mutane da yawa ke ajiye fensir. Ki ci gaba. Ki rubuta kwanan wata a ƙasan kowane zane, kada ki yage ko ɗaya. Bayan wata uku ki shimfiɗa su a tsakar ɗaki bi da bi, ki ga da idonki.

Kayan aiki ba sa buƙatar dukiya. Fensir HB don layin farko, 2B da 4B ko 6B don inuwa, reza, kilina mai laushi, faifan katako da za ki manna takarda. Ki je wurin masu buga littattafai ki sayi ragowar takardar jarida marar rubutu, tana da araha kuma ita ta fi dacewa da koyo. Gawayin zane ma kina iya yi a gida: ki fere siraran itatuwa busassu, ki cusa su a gwangwani mai murfi, ki huda murfin ƙaramar huda, ki tura cikin murhu har hayaƙi ya daina fita, ki bar shi ya huce kafin ki buɗe. Wani lokaci ki jingina allon a bango ki yi zanen a tsaye, hannu na tafiya daga kafaɗa. Masu lalle da masu biro sun saba da aikin yatsu a ƙaramin fili, jami'a kuwa babbar takarda za ta ba ki.

Daga cikin wannan tarin za ki zaɓi kamar ashirin mafi kyau ki sa a babban kwali mai ninki, ki haɗa da hotunan lallenki. Ko ba a nema ba ki tafi da su duk lokacin da za ki sashen. Malamin zane yakan gane mai aiki daga shafi uku na farko.

Game da maganar yayanki, akwai gaskiya kaɗan a ciki. Za ki tarar da waɗanda suka fi ki a zangon farko, sun san sunayen launuka da na tsofaffin masu zanen Turai. Amma shekarar farko daga tushe ake farawa da kowa: zane, tsara siffa da launi, fenti, ginin yumɓu, tarihin fasaha, ga darussan gama-gari na jami'a. Sai an yi nisa ake zaɓar fanni. Abin da zai fi yi miki zafi shi ne ranar da za a manna aikin kowa a bango, malami ya tsaya kan naki ya faɗi aibinsa a gaban aji. Haka ake yi wa kowa, kuma a nan ake koyo, ki shirya zuciyarki. Ki gyara Ingilishinki kuma, domin tarihin fasaha rubutu ne da karatu, kuma yana kayar da masu hannu da yawa. Ki faɗa wa iyayenki tun yanzu cewa kwas ne mai cin kuɗin fenti da takarda da yadin zane kowane zango, kada abin ya zo musu ba shiri. Ki rubuto mini bayan wata uku, ki haɗo da hoton butarki ta farko da ta ƙarshe.

TAMBAYA: Malama, ɗana ya nace sai zane zai karanta. Damuwata biyu ce: hukuncin zana abu mai rai a addini, sannan me zai ci da shi bayan ya gama?
Daga wani uba a Gusau.

AMSA: Alhaji, Allah Ya saka da alheri da ka tambaya maimakon ka hana kawai. Hadisan da suka yi gargaɗi kan sura suna nan a Buhari da Muslim, ba wanda zai yi wasa da su. Malaman Malikiyya, mazhabar da ƙasarmu ta tashi a kai, sun bambanta tsakanin mutum-mutumi cikakke mai inuwa, wanda suka haramta, da zane a shimfiɗe kan takarda ko ƙyalle, wanda ba su kai shi ga haramci ba. Wasu malaman sun tsananta a duka biyun. Bishiyoyi, gine-gine, rubutu da zayyana kuwa ba a kansu ake saɓani ba. Fatawa ta malamai ce, ka zauna da malamin da ka amince da iliminsa, kai da yaron tare. Abin da ni zan faɗa maka shi ne abin da ke cikin karatun, don kada a ɓoye maka: a sashen zane, zana mutum da ginin siffa suna cikin darussan shekarun farko. In zuciyarku ba ta natsu ba, a tsangayar guda a Zariya akwai sashen Industrial Design, inda ake ƙwarewa a zanen atamfa da yadi, tukwane da tangaran, gilashi, da zanen ɗab'i. Can ma ana koyon zane, amma inda ake dosa daban ne.

Kuma Alhaji, wannan hannu ba baƙo ba ne a gidanmu. Babban Gwani Muhammadu Durugu da ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19, da masu ɗinkin aska takwas a babbar riga, da masu zayyanar allon sauka, da magina masu dagi a fuskar zaure, duk masu zane ne.

Maganar abinci, ba zan yi maka daɗin baki ba. Aikin gwamnati a wannan fanni kaɗan ne: koyarwa, gidajen tarihi, ma'aikatun al'adu. Waɗanda na ga sun tsaya da ƙafafunsu cikin ɗalibaina su ne suka haɗa hannu da kwamfuta, suna tsara bangon littattafai, kwalayen kaya, tambarin kamfanoni, hotunan littattafan yara, zanen yadi, adon cikin gida. In ka amince masa, ka gindaya masa sharaɗi ɗaya: duk hutu ya je ya zauna a maɗaba'a ko shagon masu ɗab'i ya koyi yadda ake karɓar aiki, a yi farashi, a miƙa kan lokaci.

TAMBAYA: Yaya Malama, shekarata 34, ina rubuta allunan shaguna da zanen bayan manyan motoci a Kano. Aji uku na sakandare na tsaya. Ina da rabo a jami'a?
Daga ƙaninki mai fenti.

AMSA: Ƙanena, kana da shi, shekaru ba sa hana shiga. Amma ba jami'ar da za ta tsallake kiredit biyar komai kyan hannunka, don haka matakinka na farko ajin yamma ne na manya da jarrabawar GCE, wataƙila zama biyu. Kafin ka ɗauki wannan nauyi ga iyali, ka tambayi kanka me kake nema. In koyarwa kake so ko aikin da ake tambayar takarda, ka daure ka bi ta difloma. In kuwa so kake aikinka ya ƙaru, ka ga injin buga banar talla ya kwashe muku kasuwar alluna, to wata shida wurin mai tsara zane a kwamfuta zai fi yi maka amfani nan kusa, domin ka riga ka san haruffa da tazararsu fiye da yawancin masu riƙe da linzamin kwamfuta. Ko wanne ka zaɓa, ka karanta amsar da na ba 'yarmu ta Funtuwa ka yi aikin butar kai ma. Sannan ka fara ɗaukar hoton kowace mota da ka zana kafin ta bar gareji, ka rubuta shekara da sunan garejin, domin da ta hau titi ba lalle ka sake ganin ta ba.